Yadda Ake Barka da Sallah da Faransanci

Ana jibi Babbar Sallah ɗan ƙanwata, wanda yake sana'ar albasa a kasuwar Yauri, ya same ni a zaure da wayarsa a hannu. Ya ce, "Kawu, akwai wani mutumin Kwatano da yake ɗaukar kaya a wurina, yau shekara uku ke nan. Kowace Sallah sai ya aiko mini da gaisuwa da Faransanci, ni kuwa ban da hoton rago ba ni da abin mayar masa. Bana ina so in gaishe shi da bakina." Na ce masa ya gyara zama. Kafin a kira la'asar ya riƙe jimla biyar, kuma da su ya yi sallarsa. Abin da na koya masa ran nan, da wanda lokaci bai ba mu damar taɓawa ba, shi na tattara a nan.

Wannan bukata ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Ruwan da yake wucewa ta gaban Yelwa ta Yauri ya cika tafkin Kainji sai da ya ratsa Mali da Nijar, ya bi ta tsakanin Gaya da Malanbil, sannan ya shigo Kebbi ta wajen Lolo da Illo. Jiharmu tana iyaka da ƙasashe biyu masu aiki da Faransanci, Nijar ta Kamba, Benin ta Tsamiya zuwa Segbana. Busasshen kifi, albasa, dabbobi, auratayya, neman ilimi, duk suna bin waɗannan hanyoyi tun ba a ja layin iyaka ba. Ko da aka rufe iyakokin ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, kaya ne suka tsaya, gaisuwa ba ta tsaya ba.

Kafin ka buɗe baki, ka san wanda za ka gaisar. Bahaushen Gaya ko na Dogondutsi, ko Badanden Malanbil da kuka saba ciniki da Hausa, kada ka ɗora masa Faransanci ranar Sallah. Zai ji kamar ka ja baya da shi. "Barka da Sallah" ita ce tasa, kuma ta yi nisan da har waɗanda ba Hausawa ba a Yamai da arewacin Benin da ita suke gaisawa. In Bazabarme ne ka ƙara masa da "kay yeesi", za ka ga fara'a. Nijar ma a watan Maris na 2025 ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ta bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki. Faransanci yana yi maka rana ne a wurin mutumin kudancin Benin ko Togo ko Kwaddibuwa, da jami'in duwan ko jandarma da kake wucewa ta gabansa, da ma'aikacin ofis, da surukin da ya tashi a lakwal, wato makarantar boko ta can, da kuma duk inda gaisuwar za ta tafi a rubuce.

Kalma biyu ne ginshiƙin abin duka: "Bonne fête". Ana furta su "bon fet", a fito da n ɗin sosai, a haɗiye e ta ƙarshen kowace kalma. Ma'anarsu barka da biki, kuma babu bikin da ba su shiga. Wanda bai riƙe komai ba sai su, ba zai ji kunya ba. Mu mutanen yamma da harshenmu yake son mayar da f ta koma h, mu kula: haƙoran sama a kan leɓen ƙasa, "fet", ba "hwet" ba.

Daga nan sai ka liƙa sunan bikin. Babbar Sallah a Faransancin Afirka ta Yamma "Tabaski" ce, tun daga Dakar har Yamai da Kwatano, kalmar kuwa ta nan yankin ce, Faransanci arowa ya yi. Sai ka ce "Bonne fête de Tabaski" (bon fet da tabaski). Wannan "de" ta tsakiya gajeruwa ce ƙwarai, ta fi kusa da "da" tamu in an faɗe ta da sauri. A Faransa da ƙasashen Magrib sun fi cewa "Aïd el-Kébir", kuma "Aïd Moubarak" tana wucewa a ko'ina. Ƙaramar Sallah ce take da tarko. A Nijar da Benin da Kwaddibuwa sunanta "fête de Ramadan", saboda haka "Bonne fête de Ramadan" gaisuwar ranar idi ce, bayan an sauke azumi. Na sha ganin masu tura ta daren ɗaya ga wata, sun yi wa mutum barka da Sallah saura kwana talatin. Ta kama azumi ita ce "Bon Ramadan" (bon ramadan), ko "Bon carême" (bon karem), domin musulmin waɗannan ƙasashe da yawa da kalmar "carême" suke kiran azumi. Barka da shan ruwa kuwa "Bonne rupture" ce (bon ruptur). A Sanagal kuwa za ka ji ana kiran Ƙaramar Sallah "Korité". Mauludi "Mouloud" ne ko "Maouloud": "Bonne fête de Mouloud".

Za ka lura wani wuri an rubuta "bon", wani wuri "bonne". Bahaushe ba shi da dalilin ruɗewa a nan, don mu ma muna cewa kyakkyawan wata, kyakkyawar shekara. "Bon" na namiji ne, "bonne" ta mace. "Fête" da "année" da "rupture" mata ne, "Ramadan" da "carême" maza ne. A baki, "bonne" tana ƙarewa da n sosai, "bon" kuwa n ɗinta a hanci take narkewa, harshe ba ya taɓa dasashi.

Mutane da yawa suna koyon gaisuwa su manta da amsa, alhali sau da yawa kai za a fara gaisarwa. Amsar ita ce "Merci, à vous aussi" (mersi, a vu osi), wato na gode, ku ma haka. Akwai gajeruwa, "Merci, pareillement" (mersi, pareyman). In addu'a aka yi maka, "Amine" ta isa, kamar yadda take a gida.

A nan ne maganar "tu" da "vous" take shigowa, kuma ita ma mun san ta. Yadda ba ka cewa da mahaifin abokinka "kai", sai "ku", haka "vous" take ga babba, da baƙo, da mai muƙami, da jama'a. "Tu" ta tsara ce da ƙane da aboki na ƙut da ƙut, shi za ka ce wa "à toi aussi" (a twa osi). In kana shakka, riƙe "vous". Ba a taɓa jin haushin mutum don ya girmama ba. Ka kuma haɗa da laƙabi, kada ka bar gaisuwar tsirara: "Bonne fête, Elhadj", "Bonne fête, Hadjia", "Monsieur" (masyo) ga ma'aikaci, "Madame" ga ma'aikaciya, "Chef" ga na kan shinge. Dattijo "Papa" ne, dattijuwa "Maman", sa'ar uwa "Tantie" (tanti), sa'an uba "Tonton", wanda ya ɗan girme ka "Grand frère" (gran frer). Amaryar da aka kai gidan da ake Faransanci, in ta ce wa uwar mijinta "Bonne fête, Maman" tana durƙushe, ta gama rabin aikin.

Yanzu ga abin da na fi so a riƙe. Littafin makaranta yana tsayawa a "Bonne fête", domin a Faransa kalma biyun sun wadatar. Mu a wurinmu wannan sallama ce kawai a bakin ƙofa. Gaisuwar Sallah da ba a tambayi iyali ba, ba a yi addu'a ba, ba a nemi gafara ba, ai ba ta shiga ɗaki ba. Kuma abin daɗin shi ne maƙwabtanmu sun riga sun lanƙwasa Faransanci ya ɗauki wannan kaya. A Yamai mutum zai tambaye ka "Et la fatigue ?", wanda ba komai ba ne illa "ina gajiya" da ta sa rigar Faransanci, kuma baƙo in ya iso "Bonne arrivée" (bon arive) ake ce masa, sannu da zuwa. Saboda haka kada ka ji tsoron jero tambayoyinka yadda ka saba. "Et la famille ?" (e la famiy), ina iyali. "Et les enfants ?" (e lezanfan), ina yara. "Et la santé ?" (e la sante), yaya jiki. "Et le marché ?" (e la marshe), yaya kasuwa. Amsar dukansu ɗaya ce, "Ça va, Dieu merci" (sa va, diyo mersi), lafiya lau, mun gode Allah.

Addu'o'in Sallah duk da "Que Dieu" suke farawa (ka diyo), wato Allah ya. Wanda ya fi so ya ce "Qu'Allah" (kalla), duk ana fahimta. Uku sun ishe ka. "Que Dieu accepte nos prières" (ka diyo aksept no priyer), Allah ya karɓi ibadunmu. Ranar layya, "Que Dieu accepte votre sacrifice" (votr sakrifis), Allah ya karɓi layyarku. Sai wadda take madadin "Allah ya maimaita mana": "Que Dieu nous montre l'année prochaine" (ka diyo nu montr lane proshen), Allah ya nuna mana baɗi. Bafaranshen Faris zai ga wannan jimla baƙuwa, amma a Doso ko Faraku kowa ya san inda ta dosa.

Neman gafara shi ne "Je vous demande pardon" (ja vu damand pardon), ina neman gafararku. Ana amsawa da "Je vous pardonne, pardonnez-moi aussi" (ja vu pardon, pardone mwa osi), na yafe, ni ma a yafe mini. Ga ɗan kasuwa wannan jimla ta fi duk sauran nauyi. Shekara guda ana ciniki ba a rasa buhun da ya zo da ruɓaɓɓiya a ƙasa, ko kuɗin da suka yi jinkiri, ko maganar da ta fita da zafi a waya. Ranar Sallah ce ranar wanke su, kuma mutum ya fi jin ta a harshen da yake tunani da shi.

Sabuwar shekarar miladiyya babban abu ce a ƙasashen Faransanci, fiye da yadda muka ɗauke ta a nan. Ofisoshi suna shirya taron miƙa fatan alheri ga shugabanni, abokan ciniki suna aika wa juna saƙo, wanda aka tsallake kuwa yana lura. Gaisuwar ita ce "Bonne année", a haɗe kamar kalma ɗaya, "bonane". Ka ja e ɗin ƙarshe ta fito fili, domin in ka yanke ta ka ce "bonan", kunnen mai ji zai kama "bon âne", jaki nagari. Ana ƙawata ta a ce "Bonne et heureuse année" (bon e oroz ane), ko a bi ta da "bonne santé". Ta manya kuma ita ce "Meilleurs vœux" (meyor vo), fatan alheri mafi kyau. Nan ne harshenmu ya fi yi mana tuntuɓe, saboda babu v a Hausa, b muke sawa a gurbinta. To "vœux" in ta zama "bo" ta koma daidai da "bœufs", shanu, haka ma "vous" in ta zama "bu" ta koma "boue", taɓo. Maganinsa sauƙi ne: shirya bakinka kamar za ka ce f, haƙora a kan leɓe, sannan ka kunna murya har ka ji leɓen yana kaɗawa. Ka maimaita "vous, vœux, ça va" sau goma kowace safiya, mako guda ya isa. Ita kuwa r da Faransawa suke fitarwa daga maƙogwaro, kada ta ɗauke maka hankali. Mutanen Nijar da Benin da yawa da tsinin harshe suke yin ta kamar mu, kuma babu mai gyara musu.

A al'adarsu ba a cewa "Bonne année" sai shekarar ta shiga. Kafin nan, a makon ƙarshe na Disamba, "Bonnes fêtes de fin d'année" ake cewa (bon fet da fan dane), barka da bukukuwan ƙarshen shekara. Bayan ta shiga kuwa kana da sarari har 31 ga Janairu, ba a ɗauke ka wanda ya makara ba. In kun haɗu ido da ido kada ka yi mamaki in namiji ya riƙe hannunka ya kawo gefen goshinsa ya taɓa naka, dama da hagu. Gaisuwar girmamawa ce a can.

Kirsimeti "Joyeux Noël" ce (jwayo nowel), Ista "Joyeuses Pâques" (jwayoz pak). Wannan j mai laushi ce, kamar sh da aka sa wa murya, p ɗin kuwa a haɗe leɓɓa biyu a sake su, kada ta zame ta koma f. 'Yan uwanmu Kiristoci na Yauri da Ngaski da Shanga masu dangi ko abokai a ƙetare, waɗannan su ne nasu. Musulmi kuwa, malamai sun yi saɓani a kan taya wanda ba musulmi ba murnar bikin addininsa, kowa ya bi malamin da ya natsu da shi. Abin da ba na so shi ne mutumin da ya gaishe ka Sallah biyu da azumi ka yi masa shiru ɗif a lokacin nasa. Wanda ba zai ambaci sunan bikin ba yana da "Bonnes fêtes de fin d'année", yana da "Bon repos" (bon rapo), a huta lafiya, yana da "Mes salutations à la famille" (me salutasyon a la famiy), a gaida iyali.

Bukukuwan ƙasa ba su da wuya. Benin ta samu 'yancin kai 1 ga Agusta, Nijar 3 ga Agusta, dukansu a 1960, kuma Nijar tana da ranar Jamhuriya 18 ga Disamba. "Bonne fête de l'indépendance" (bon fet da landepandans) ko "Bonne fête nationale". Alhazai in sun sauka, "Bonne arrivée, Elhadj, Hadj mabrour".

Sai lokaci. Kada ka ɗauka ranar sallarmu ita ce tasu. Mu sanarwar Sarkin Musulmi daga Sakkwato muke jira, Nijar kuwa majalisar Musulunci ta ƙasarsu ce take tabbatar da ganin wata. A 2022 sun yi Ƙaramar Sallah ranar Lahadi 1 ga Mayu, mu muka yi Litinin 2 ga wata. Tun da wuri ka tambaya, "C'est quand la fête chez vous ?" (se kan la fet she vu), yaushe ne Sallah a wurinku. In ka riga ranar, ƙara "en avance" (an avans). In ta wuce ka, "en retard" (an ratar). Agogon Nijar da Benin ɗaya ne da namu, amma Mali, Burkina Faso, Togo, Kwaddibuwa da Sanagal suna bayanmu da awa ɗaya, don haka ƙarfe sha biyun darenmu ba ta kai su sabuwar shekara ba tukuna. Lambar shiga Nijar +227 ce, Benin +229, Mali +223. Wanda tsohuwar lambar abokinsa ta Benin ta daina shiga, ya sa 01 a gabanta, domin tun 30 ga Nuwamban 2024 lambobin can suka koma goma.

In za ka rubuta, ga samfuri uku da za ka kwafa ka canza suna. Ga babban abokin ciniki:

"Bonne fête de Tabaski, Elhadj. Que Dieu accepte votre sacrifice et nos prières. Je vous demande pardon. Mes salutations à toute la famille. Votre frère de Yauri."

Ga aboki tsara:

"Bonne fête, mon frère. Que Dieu te donne la santé et la paix. Salue la famille."

Ma'anarsa, barka da Sallah ɗan'uwana, Allah ya ba ka lafiya da zaman lafiya, gaida iyali. Ga mai muƙami kuma:

"Monsieur le Directeur, à l'occasion de la nouvelle année, je vous présente mes meilleurs vœux de santé, de paix et de prospérité, à vous et à votre famille."

Wato, albarkacin sabuwar shekara ina miƙa muku fatan lafiya da zaman lafiya da yalwar arziki, ku da iyalinku. In Sallah ce sai ka cire "la nouvelle année" ka sa "la fête de Tabaski". Alamomin da suke kan wasula, irin na ê da é da ë, suna cikin wayarka: danne harafin ka ɗan riƙe, za su fito. Ka kuma rubuta sunan mutum yadda shi yake rubuta shi. A can u ɗinmu "ou" ce, sh "ch" ce, c "tch" ce, j "dj" ce, shi ya sa Musa yake Moussa, A'ishatu take Aïchatou, Hajiya take Hadjia.

Ni dai na fi son saƙon murya a kan rubutu, kuma na fi son kira a kan duka biyun. Hoton rago da aka tura wa mutum ɗari bai kai daƙiƙa ashirin na muryarka ba, ko da da tuntuɓe. Ka ɗauki muryar tukuna ka saurara, ka goge, ka sake, har ta zauna. In kana da mai jin Faransanci kusa, direba ko ɗan kasuwar da yake zuwa daga Gaya, ko yaron da yake yin darasin a ƙaramar sakandare, ka karanta masa ya gyara maka.

Abu ɗaya ya rage, kuma shi ne ya tsorata ɗan ƙanwata. Ya ce, "Kawu, in na gaishe shi ya ɗauka na iya, ya ɓarke da magana fa?" Haka kuwa za a yi, domin murna za ta sa shi. Na ba shi jimla biyu. "Doucement, s'il vous plaît" (dusman, sil vu ple), a hankali don Allah. Sannan "Je parle un peu seulement" (ja parl an po solman), kaɗan nake ji. Ranar Sallah bayan an sauko daga idi ya kira mutumin a gabana, ya jero nasa biyar ɗin, ya kai kan neman gafara. Can ɗaya ɓangaren aka yi ɗan shiru, sannan muryar ta dawo da wata Hausa mai nauyi da ban san yana da ita ba: "Barka da Sallah, Alhaji. Na yafe."